Yadda ake lallaɓa ciwon suga a gida ba tare da an bar tuwo ba

Shekara 6 kenan ni ke kula da abincin Baba tun da likita ya ce yana da suga, kuma a nan unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura na ga mutane da dama sun fara da zafi-zafi, wata uku sai ka ji an kwantar da su. To ga yadda nake yi.

Da farko a sayi mitar gwajin suga a ajiye a ɗaka. Mitar ba ita ce tsadar ba, tsinken gwajin ne ke cin kuɗi, shi yasa ni sau uku a sati nake yi mashi, da sassafe kafin ya sa komai a baki. Abin da ake nema mita ta nuna 80 zuwa 130, a samu ɗan littafi ana rubutawa don ranar ganin likita.

Na biyu, maganin asibiti ba a ajiye shi. Ƙwayar Metformin ce ko allurar insulin, a ci gaba. Zogale abinci ne mai kyau, a yi kwaɗonsa da ƙuli da albasa ba suga, amma don Allah kar wani mai jarka a bakin kasuwa ya ce maku mai ciwon ya warke a zubar da ƙwaya.

Sai maganar tuwo, nan ne muka sha wuya. Da aka ce Baba ya koma alkama sai muka ɗauka shikenan an samu lafiya, Inna ta riƙa tuƙa mashi malmala uku manya da daddare yana cinyewa tas, da safe kuma ɗumame, ga shayi da zuma wai ai zuma magani ce. Ranar da na gwada shi na ga mita ta haura 300 wallahi sai da hannuna ya yi rawa, ga shi yana ta fitsari cikin dare, bakinsa a bushe. Alkama, dawa, gero, masara, shinkafa, duk suga suke komawa in sun shiga ciki, yawan da aka ci shi ne magana, kuma zuma da dabino suna ɗaga suga kamar yadda na kwali ke yi. Yanzu malmala ɗaya ce kamar dunƙulen hannunsa, miyar kuka ko kuɓewa ta fi tuwon yawa, rabin faranti ganye ne, rama ko zogale ko kabeji, da ɗan kifi ko wake. Ni a wurina kunu da koko an sallame su, don abin da aka dama ya yi ruwa ya fi saurin ɗaga suga a jini. Fura kuwa Bakatsine ba ya rabuwa da ita, sai a dama rabin dunƙule da nono mai yawa ba suga, da rana ba da dare ba. Lemon kwalba babu shi sam.

Bayan la'asar ya taka na minti 30, ko zuwa masallacin da ya fi nisa ne ya dawo a ƙafa. A sa mashi suga mai ƙwaya 4 a aljihu, in ya ji jiri da zufa da karkarwa, ko mita ta nuna ƙasa da 70, ya sha nan take, musamman mai allura.

Ƙafa kuma, bayan kowace alwala a goge tsakanin yatsu a duba, ba yawo ba takalmi, ba kai ƙafa kusa da kaskon wuta lokacin hunturu don ba lallai ya ji ƙuna ba, masu yankan farce na bakin hanya ma a haƙura da su. Ƙurji ko ƙaya ko kaushi ya tsage, washegari a kai shi asibiti, kar a tsaya shafa man kaɗe.