Yadda Ake Zaɓe da Adana Duwatsun Kwats da Sauran Ma'adinai

Dillalin duwatsu masu daraja da mai tara su domin sha'awa ba abu ɗaya suke nema ba, ko da a gaban tire ɗaya suka tsuguna. Dillali yana neman tsaftataccen yanki wanda za a yanka a ɗora a kan zobe, saboda haka ba ya jin komai idan ya sa guduma ya fasa dutse ya watsar da ragowar. Mai tarawa kuwa yana son dutsen yadda ya fito daga ƙasa, da tsininsa da kusurwoyinsa, har da guntun uwar dutsen da ya tsiro a jikinta. Shi ya sa, duk da sunan da Filato da Nasarawa da kudancin Kaduna da Bauci suka yi wajen tofaz da akwamarin da tomalin da ametis, dutsen da guduma ba ta taɓa ba yana da wuyar samu. Matakin farko shi ne ka sanar da mai haƙa ko dillalin da kake hulɗa da shi cewa duk wanda ya fito cikakke a ajiye maka shi kada a fasa, kuma za ka biya kuɗinsa a hakan.

Ya fi kyau mai farawa ya fara da kwats, domin ya fi yawa, ya fi araha, kuma yana jure hannun ɗan koyo. Sinadarin silikon ne da oksijin, kuma idan ya sami sararin girma yakan fito da gefe shida da tsini kamar fensirin da aka fiƙe. Ka juya shi a cikin haske ka dubi jikin gefunan, za ka ga siraran layuka a kwance, suna ratsa faɗinsa. Wannan alama tana da amfani a Jos da kewayenta, inda farin tofaz yake yawan rikita mutane, domin layukan tofaz a tsaye suke, suna bin tsawon dutsen. Tofaz ya fi nauyi a tafin hannu, kuma gindinsa yakan ɓalle sumul kamar an yanka da wuƙa, alhali kwats idan ya fashe sai ya yi lanƙwasa irin ta fasasshiyar kwalba.

Daga nan sai gwajin tauri. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'auni mai hawa goma a shekarar 1812, kuma har yau da shi ake aiki. Kwats yana hawa na 7, tofaz na 8, lu'ulu'u (daimon) na 10, gilashi da wuƙar ƙarfe suna wajen 5 da rabi, farcen mutum kuma 2 da rabi. Ma'ana, kwats na gaskiya zai karce kwalba, amma wuƙa ba za ta karce shi ba. Idan wuƙa ta kama shi cikin sauƙi, wataƙila kalsayit ne mai hawa na 3 ko fulorayit mai hawa na 4, waɗanda su ma abin tarawa ne, sai dai ba a farashin kwats ko tofaz ba. A gindin dutsen ake wannan gwaji, inda ido ba ya zuwa, kuma da izinin mai kaya. Kayan aikin duka ba su cika aljihu ba: ɓallen gilashi, ƙaramar wuƙa, fitilar waya, da madubin hannu mai ƙara girma ninki goma.

Batun launi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ake yawan cutar mai saye. Tsantsar kwats ba shi da launi, garau yake kamar ƙanƙara. Wanda ya yi fari kamar madara, ƙananan ɗigon ruwa da iska ne suka maƙale a cikinsa lokacin da yake girma. Ametis, wato mai launin shunayya, ya sami launinsa ne daga ɗan ƙarfen da ke cikinsa wanda tururin nukiliya na cikin ƙasa ya daɗe yana bugu, kuma launin yakan taru a tsini ya kwanta a gindi. Mai launin hayaƙi, daga ruwan toka har kusan baƙi, alminiyom ne ya gamu da irin wannan tururi. Mai ruwan hoda, wanda ake samu da yawa a Madagaska da Brazil, kusan kullum a dunƙule yake fitowa ba tare da gefuna ba, don haka idan an miƙo maka shi da tsini mai gefe shida yana sheƙi, ka sani galibi injin ne ya fiƙe shi.

Sitirin, wato kwats mai ruwan ɗorawa, shi ne babban tarko. Na asali ba shi da yawa, kuma launinsa a sanyaye yake kamar shayin da bai ji ganye ba. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna ametis ne aka gasa a zafin digiri 400 zuwa 500 har ya juye. Ana gane shi da tsini mai ruwan goro kamar ya ƙone, a kan gindi fari fat. Ba laifi ba ne a saye shi idan an faɗi gaskiyarsa, laifin yana wajen karɓar kuɗin na asali. Haka nan yawancin kwats mai walƙiyar bakan gizo a fatarsa, ƙarfe ne aka shafa masa a masana'anta. Wanda aka rina kuwa, madubi zai nuna maka rinin ya taru a cikin tsagogi. Gilashi yana tona kansa da kumfa masu zagaye, kuma idan ka ɗora shi a kumatu yana saurin ɗaukar ɗumin jiki, kwats kuwa yakan ɗan jima da sanyinsa.

Siffofi ma suna da daraja hawa-hawa. Akwai tilo mai tsini ɗaya, akwai gungu da suka tsiro tare, akwai mai tsini a kai da gindi irin na gundumar Herkimer a jihar New York ta Amurka, akwai kuma ƙoƙon dutse wanda bayansa ba ya da kyan gani amma cikinsa a jere yake da ametis, irin na Rio Grande do Sul a Brazil da Artigas a Uruguay, inda wasu suka fi mutum tsawo. Wani kwats ɗin yana ɗauke da zaruruwa masu ruwan zinare na ma'adinin rutil ko baƙaƙen alluran tomalin, abin da dillali zai kira datti, mai tarawa kuma ya ƙara kuɗi a kai. A ganina ƙaramin dutse kamar babban yatsa mai lafiyayyen tsini ya fi ƙato mai ɓantaren kai, don haka ka shafa tsinin da yatsa kafin ka yi ciniki, ka kuma duba mahaɗarsa da uwar dutse ko akwai alamar gam.

Da ka saya, ka rubuta takarda a ranar: sunan ma'adinin, ƙauye ko ramin da aka haƙo shi, ƙaramar hukuma da jiha, da kwanan wata. Ka sa wa dutsen lamba, ka maimaita ta a littafi. Dutsen da aka san asalinsa ya fi wanda aka rubuta wa "Nijeriya" kawai daraja nesa ba kusa ba, kuma wannan bayani idan ya ɓace ba ya dawowa.

Wanki da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori ya wadatar. Kada a zuba ruwan zafi a kan dutse mai sanyi, domin yana iya tsagewa, kuma a nisanta kalsayit da lemun tsami da ruwan kal, saboda tsami yana cin sa. A naɗe kowane dutse daban, tunda kwats zai karce duk wanda bai kai shi tauri ba. Kiret ɗin ƙwai yana wannan aiki sosai. Ametis ba ya son rana. Na taɓa barin wani a bakin taga tsawon lokaci, da na ɗaga shi sai na tarar gefen da ke kallon waje ya koɗe, na ciki kuwa yana nan da launinsa.

Kada a niƙa ko a goge kwats a bushe, domin ƙurarsa tana lalata huhu. Tozali, wanda ake kira galina, yana da kyau a kan kantar ajiya amma dalma ce a cikinsa, kuma ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. A ajiye shi a rufe nesa da yara, a wanke hannu bayan taɓa shi. Wanda kuma sha'awarsa ta kai ga haƙa, ko fatauci, ko fitar da duwatsu waje, ya tuna cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan Nijeriya a hannun gwamnatin tarayya, sai ya nemi lasisi daga ma'aikatar ma'adinai kafin ya sa hannu.