Idan Hoton Bangon Kwamfuta Ya Koma Baƙi Bayan Sabunta Windows

Da farko ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

In allon yana ƙyaftawa, danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B lokaci guda. Zai ɗauke na ɗan lokaci, ka ji ƙara kaɗan, sannan ya dawo. Kada hankalinka ya tashi, direban hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa abin da allo ke nunawa, ya sake tashi.

Bangon har yanzu baƙi ƙirin? Shiga Settings, Personalization, Background, ka sake zaɓar hotonka.

Rubutu kuwa in ya yi ɓaro-ɓaro, buɗe Device Manager, ƙarƙashin Display adapters, ka sabunta direban.

In duk ya gagara, Windows na barin ka koma tsohon tsarin cikin kwana 10 bayan sabuntawar, ta Recovery da ke cikin Settings.