Yadda Babba Zai Riƙe Wasa Ba Tare da Zubar da Girma Ba

Ka ware lokaci bayan sallar la'asar, ko da sau biyu ne a mako, ka zauna a majalisar da ake buga dara, domin wanda aka cinye a gaban jama'a kuma ya yi dariya ya rage nauyin zuciyarsa. Idan jikarka ta tsokane ka, kada ka haɗe rai. Ka kira ta amarya, ka yi ƙorafin cewa tuwonta ya huce. Idan kai Bazazzagi ne, kuma Bakano ya sauka a Tudun Wadar Zariya, ka riga shi zolaya, tunda wasan Zage-zagi da Kanawa tsoho ne. Langa kam, a ganina, a bar wa masu lafiyar gwiwa. Amma idan 'yan tashe suka tsaya a ƙofar gidanka cikin azumi, ka fito ka yi musu amshi kafin ka sallame su.