Kare a shago: yadda mai shago ko gidan abinci a Ingila zai tsara abinsa kar ya ja wa kansa shari'a

Duk ɗan'uwanmu da ya buɗe shago a Ingila, ko shagon kayan miya ne irin na Peckham, ko wurin tsire a Manchester, ko ɗan gidan shayi mai tebura huɗu biyar, to akwai ranar da zai ɗaga kai daga kanta ya ga baturiya ta turo ƙofa da igiya a hannu kare na biye da ita. Ranar kuwa ba ranar fara tunani ba ce, ya kamata a ce tun kafin nan ka san abin da za ka ce, kuma yaran shagonka ma sun sani, domin galibi ba kai ake tararwa ba, yaron da ya zo karatu yana ɗan taɓa aikin awa ashirin a sati shi ne zai tsaya yana zare ido.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne a idon dokar ƙasar nan karnuka iri biyu ne. Akwai karen gida wanda mutum ke kiwo don sha'awa, wannan shagonka ne, ka ga dama ka bari ka ga dama ka hana, ba wanda zai ce maka don me. Sannan akwai karen taimako, wato wanda aka horar don ya yi wa mai lalura aiki, shi kuma wannan ba ka da ta cewa, dole ya shigo. Yawancin rigimar da mutanenmu ke faɗawa daga cakuɗa waɗannan biyun ne.

Bari mu fara da na dolen tunda shi ne mai kai mutum kotu. Dokar Equality Act ta 2010 ita ke aiki a Ingila da Wales da Scotland (Ireland ta Arewa suna da tasu ta 1995 amma maganar ɗaya ce), ta ce duk mai sayar wa jama'a kaya ko abinci sai ya yi sassaucin da ya dace don mai nakasa ya samu abin da kowa ke samu. In ka manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga da kare, to makaho ya zo da nasa, wannan takardar ba ta hau kansa ba. Ka ɗauke shi kamar ɗan jagoran makaho a gida, ai ba ka cewa malam shigo amma yaron da ke riƙe da sandarka ya tsaya a waje. In ka kore shi yana da wata shida ya shigar da ƙara a kotun yanki ya nemi diyyar cin mutunci, ga kuma abin da ya fi kuɗin ciwo, ya ɗauke ka bidiyo ya watsa, gobe sunan shagonka na yawo a Facebook da jaridar unguwa, ana cewa musulmi sun kori makaho. Wallahi wannan sunan ba kai kaɗai yake ɓata wa ba.

Yaya za ka gane shi? Na makafi ya fi sauƙi, yana sanye da wani farin linzami mai ratsin rawaya da mariƙi mai tauri wanda mai shi ke kamawa. In ka ga ja da fari a linzamin to mai shi ba ya gani kuma ba ya ji. Na kurame riga suke sawa ja mai duhu, na ƙungiyar Canine Partners shunayya, na Dogs for Good koriya, masu sunsuno ciwo kamar faɗuwar sukari a jini ja. Wasu masu karen suna yawo da ɗan littafi rawaya na ƙungiyar Assistance Dogs UK. Amma a nan ne tarkon yake: doka ba ta wajabta riga ko littafin ba, akwai waɗanda da kansu suka horar da karensu, kuma ba kowace lalura ake gani da ido ba, mutum zai shigo garau da shi alhali farfaɗiya gare shi. Don haka kar ka ce sai an nuna maka takarda kafin a shigo. Ka tambaya cikin ladabi, karen taimako ne? In aka ce eh, ka bar maganar, ka duba halin karen kawai. Horarren kare ba ya haushi, ba ya jan igiya, ba ya kai baki kan kaya. Za ka ga mai shi na zama ya shige ƙarƙashin tebur ya naɗe ya ɗora haɓa kan ƙafafunsa na gaba, ƙamshin nama na tashi ko kunne ba zai ɗaga ba, har a gama ci a tashi wani kwastoman bai ma san da kare a wurin ba. In kuwa ya hau haushi yana kai wa mutane cafka ko ya yi kashi a ciki, to kana da hurumin ka ce a fita da shi, amma ka ce wa mai shi shi yana iya dawowa a sallame shi.

Sannan ka ja wa yaranka kunne, ba a shafa karen da ke bakin aiki, ba a yi masa fito, ba a ba shi abinci, da mai shi ake magana. Mu dai shafawar ba ita ce matsalarmu ba, matsalarmu ihu da tsalle a haye kujera.

Yanzu maganar addini, don na san nan ne zuciyar da yawanmu take. Ni ba malami ba ne, ka je ka zauna da malaminka, amma abin da aka karantar da mu a zaure a mazhabar Malikiyya shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare, har yawunsa. Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallage a ciki yana nan ingantacce, sai dai malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bauta ce aka umarta, ba don najasa ba. Shafi'awa da Hambalawa su ne suka ɗauke shi najasa mai kauri, Hanafawa kuma suka ce yawun ne najasa. Wannan zai yi maka amfani a aikace, domin in yaron shagonka Basomale ne to mai yiwuwa Bashafi'e ne, in ɗan Pakistan ne ko Bangladesh galibi Bahanafe ne, kar ka yi masa dariya don ya ja da baya, abin da aka koya masa ke nan. Ka sauya masa aiki kawai, wani ya kai abincin teburin. Kuma ka ware ɗakin baya inda ake shimfiɗa sallaya, kare ba ya zuwa can, a ajiye wando na canji ga mai waswasi. Ko a nan Ingila an yi wannan muhawarar an wuce wurin, a 2008 majalisar shari'a ta musulmin Birtaniya ta ba da fatawa aka bar wani saurayi makaho a Leicester yana zuwa masallaci da karen jagoransa, aka yi wa karen wurin kwanciya a bakin shiga ba cikin sahu ba. To in masallaci ya samo hanya, shagon garin kwaki da manja ba zai rasa ba. Kuma ka sani ko da ka tsaya kan cewa addininka ne ya hana, kotu ba za ta karɓi wannan a matsayin uzurin korar mai karen taimako ba. Haka in wani kwastoma ya ce gashin kare na tayar masa da asma, nisanta teburinsu za ka yi, ba korar ɗaya ba.

To sai karen gida, wanda zaɓinka ne. Da yawa suna ɗauka dokar tsafta ta hana kare shiga duk inda ake sayar da abinci, ba haka ba ne. Abin da dokar ta ce, wato ƙa'ida mai lamba 852 ta 2004 da aka gada daga Tarayyar Turai, shi ne a hana dabbobin gida kaiwa inda ake dafa abinci ko sarrafa shi ko ajiye shi. Kicin ke nan da sito da bayan kanta. Wurin zaman kwastoma kuwa kai za ka yanke. Shi ya sa za ka ga manyan kamfanoni ma kowa da kiɗansa: Tesco da Sainsbury's karen taimako kaɗai suke bari, Wetherspoon sun tsaurara hanin nasu a 2018 har a tsakar gidan da ake zama a waje, su kuma John Lewis a 2019 suka buɗe ƙofa ga kowane kare mai natsuwa.

Ni a ganina ka duba abu biyu, yadda kayanka suke a shimfiɗe da kuma su wa ke ciyar da shagon. In shagon kayan miya ne, buhun shinkafa a ƙasa, kwalin doya a buɗe, busasshen kifi da ganda da daddawa daidai tsayin hancin kare, layin da ke tsakanin kantoci mutum biyu ba sa iya giftawa, to kar ma ka wahalar da kanka, ka hana. Haka mahauci. Haka in kwastomominka iyayenmu mata ne da yara waɗanda in suka ga kare sau ɗaya a ciki ba za su sake takowa ba kuma sai labari ya zaga duk guruf ɗin WhatsApp na unguwa. Amma in gidan shayi ne kusa da filin shaƙatawa ko bakin kogi inda Turawa ke fitowa yawo da karnukansu safe da yamma, to hanawa kamar ka rufe rabin ƙofarka ne, domin baturen da ya fito da kare ba zai ɗaure shi a waje ya shigo ba, suna tsoron sata, gaba zai yi inda za a karɓe su tare.

Akwai tsaka-tsaki kuma shi na fi so: tebura na waje da kare, ciki babu. Ko in wurin na da faɗi, ɓangare ɗaya kusa da ƙofa nesa da kanta, ƙasan ya zama tayil mai sauƙin gogewa ba kafet ba.

In ka yanke za ka bari, kafin ka sa alama ka buɗe yarjejeniyar hayarka ka karanta, wasu masu gini sun hana dabbobi, in a cikin babbar cibiyar kasuwanci kake ma dokarsu ce ke bisa taka. Ka kira kamfanin inshorarka ka tambaye su in kare ya ciji kwastoma ko wani ya harɗe da igiya ya faɗi a cikin shagon, sun rufe? Ka rubuta tsarin a fayil ɗinka na tsaftar abinci, domin jami'in duba-gari na kansul, wato ƙaramar hukumar yankinka, in ya zo, shi da ke ba da makin nan daga 0 zuwa 5 da ake mannawa a gilashi, ba ganin kare ne zai rage maka maki ba, rashin tsari ne. Yana so ya ga kare ba shi da hanyar kaiwa kicin, wanda ya taɓa kare ya wanke hannu, kwanon ruwan kare daban yake kuma ba a wanke shi tare da kofuna, akwai safar hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsumma na musamman in an yi ɓarna.

Sharuɗɗan da za ka gindaya wa masu karen gajeru ne: igiya a hannu koyaushe kuma gajera, kare a ƙasa ba kan kujera ba ba kan cinya a bakin tebur ba, ba a ba shi abinci a farantinka, in ya dame mutane a fita da shi. Maganar farantin nan ka tsaya a kai sosai, sai ka ga mutum da hankalinsa ya gama ci ya sauke faranti ƙasa kare na lashewa, shi a wurinsa ba komai ba ne, hajiyar da ke teburin gefe kuwa ta gama cin abinci a wurinka har abada. Kuma kar yaranka su ce za su yi kirki su jefa wa kare guntun tsire, albasa da tafarnuwa guba ne gare su, haka cakulan da inabi da zabibi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa a ciki, in karen ya kwanta kuɗin likitan dabbobi a ƙasar nan sai ka riƙe baki. Irin karen nan XL Bully kuwa tun ƙarshen 2023 doka ta ce a Ingila da Wales ba ya fita bainar jama'a sai da takunkumi da igiya, in aka zo maka da shi baki sake kar ka yi kunyar cewa a'a.

In kuma hanawa ka zaɓa, to ka rubuta alamar daidai, a ce karnukan taimako kaɗai ake bari, kar ka rubuta ba a shiga da kare ka tsaya nan. Ka sa ta daidai ido a ƙofa, ka sa a shafin shagon na Google ma don kar mutum ya taso daga nesa a yi cacar baki. In an zo duk da haka, murmushi, ka ce tsarin shago ne saboda abinci a buɗe yake, ka ce ko a miƙo masa abin da yake so a bakin ƙofa. Kar ka ce kare ƙazanta ne. Mutanen nan a gado ɗaya suke kwana da shi, kamar ka zagi ɗansa ne.

Ga yaran shago masu tsoro, kuma da yawanmu da dalili muke tsoron, duk wanda karen mafarauta ya taɓa kora a ƙauye ko ya ga wanda mahaukacin kare ya ciza ya san ba wasa ba ne, to a koya musu kar su gudu kar su yi ihu, a tsaya cak a naɗe hannu a kawar da ido gefe, zai sunsuna ya wuce. In ba ka so ya matso ka gaya wa mai shi kai tsaye ya ja karensa, ba rashin kunya ba ne, kuma yawanci nan take za su ja suna ba da haƙuri.

'Yan'uwa masu tuƙin tasi da Uber ku kuma naku ya fi na masu shago zafi, domin a wurinku ƙin ɗaukar mai karen taimako laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai, tara har fam 1,000, kuma kansul na iya karɓe lasisin gaba ɗaya. Ƙara masa kuɗi saboda karen ma laifi ne, haka ka hango shi daga nesa ka soke tafiyar ka ce ba ka same shi ba, manhajar tana nuna inda motarka ta tsaya. Hanya ɗaya ce ta kuɓuta, in kana da lalura ta gaskiya kamar asma mai tsanani likita ya rubuta maka, ka kai wa kansul su ba ka takardar keɓewa ka manna a gilashin mota tun kafin ranar ta zo. In ba ka da ita, ka ajiye tsohon bargo a but, ka tura kujerar gaba baya, karen zai kwanta a ƙasa wurin ƙafar mai shi har ku isa.