Yadda ake ziyartar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Therma a tsibirin Kos

A gaɓar kudu maso gabashin tsibirin Kos na ƙasar Girka, kimanin kilomita 12 daga babban garin tsibirin, akwai wurin da ake kira Therma, inda ruwa mai zafi yake ɓulɓulowa daga gindin dutse ya kwarara cikin teku. An jera manyan duwatsu an kewaye bakin wurin, sai ya zama ɗan tafki da ruwan zafi da na teku suke gauraya a ciki. Ba a biyan kuɗin shiga.

Da farko ka zaɓi lokaci. A watannin Yuli da Agusta tafkin yakan cika maƙil da 'yan yawon buɗe ido, don haka wanda yake son natsuwa, ko wanda ba ya son cakuɗuwa da jama'a cikin kayan iyo, ya tafi da sassafe. Ka duba yanayin iska kuma, domin idan teku ta harzuƙa igiyar ruwa takan tsallake duwatsun ta sanyaya tafkin.

Daga garin Kos, bas takan bi ta Psalidi da Agios Fokas a lokacin zafi, ta ajiye mutane a saman tudu. Daga nan sai gangara da ƙafa ta wata hanyar ƙasa mai tsakuwa na kamar minti 10 zuwa 15. Saukar ba wuya, hawan ne a dawowa yake sa mutum haki, saboda haka ka riƙe gorar ruwan sha. Ka sa takalmi mai kama ƙafa wanda za ka iya shiga ruwa da shi, domin gaɓar tsakuwa ce, ba rairayi ba.

Kafin ka shiga, ka cire zobe ko sarƙar azurfa, domin ruwan yana ɗauke da farar wuta, wadda take mayar da azurfa baƙa. Ita ce kuma take sa wurin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, warin da yake kama tufafi, shi ya sa tsohon kaya ya fi dacewa.

Shigar ita ce take bukatar dabara. Wanda ya saba da ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin digiri 31, kada ya ɗauka irinsa ne, domin kusa da idon ruwan Therma zafin yakan haura digiri 40 sosai. Ka fara ta ɓangaren teku, ka zauna, sannan ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan wajen dutsen har ka sami daidai inda jikinka ya amince. Za ka ji kafaɗunka cikin zafi alhali ƙafafunka suna cikin sanyi, domin ruwan zafi a sama yake tsayawa. Idan ka motsa shi da hannu sai ya daidaita. Kada ka wuce minti 15 zuwa 20 a zama ɗaya, ka fita ka huce a cikin teku, sannan ka koma in kana so. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, su nemi shawarar likita tukuna.

Idan za ka shimfiɗa tawul, ka nisanci gindin dutsen, domin awaki suna yawo a samansa, kuma sukan gangaro da duwatsu.