Yadda ake tada garmahon da ya daɗe a ajiye

Toh jama'a, abu na farko kuma don Allah a riƙe shi, in ka fito da garmahon Baba daga sito ko ƙarƙashin gado kar ka jona shi a wuta. Kowa abin da yake fara yi kenan, wai ya ga ko yana da rai. Juya bayansa tukuna ka karanta rubutun da ke jiki. In ka ga 110 ko 120V na Amurka ne, wutarmu kuwa 230 ce, sai da sitefdawun, wato na'urar rage ƙarfin wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Akwai kuma 60Hz, mu namu 50 ne, moton da ke bin bugun wuta zai riƙa juyawa a hankali har muryar mawaƙi ta yi nauyi, kuma sitefdawun ba ya maganin wannan sai an canza ɗan fulin da ke kan moton, wato ɗan ƙarfen bakin sandarsa da roba ke hawa. Na Ingila irin su Garrard da BSR, waɗanda na fi cin karo da su a gidajen tsofaffin ma'aikata nan Bauchi, yawanci sun dace da wutarmu.

Sai ka ɗaga farantin da ake ɗora faifai a kai, wasu akwai ɗan kilif a tsakiya da ke riƙe shi, cire shi a hankali ka sa a murfin kwalba don in ya yi tsalle ya ɓace kenan. Abin da za ka tarar a ciki ka sani, ƙurar hunturu ta shekaru, ƙwan kyankyaso, wani lokaci gidan zanzaro. Share da burushin fenti busasshe, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ko ɓera ya ci.

Yanzu ga inda ni na yi ɓarna, shi ya sa zan tsaya a nan. Giris ɗin da kamfani ya sa shekara arba'in ko hamsin da suka wuce ba giris ba ne yanzu, ya daskare ya zama kamar ƙaro, ya kama giya da sandar tsakiya gam. A na mahaifina, Allah ya jiƙansa, da na ji maɓallin canza gudu ya ƙi motsi sai na sa ƙarfi, na ji ƙas, wani ɗan ƙarfe ya karye a ciki, wata biyu ina zagayen masu gyaran rediyo daga kasuwar Wunti har ta Muda Lawal kafin wani dattijo ya ciro min irinsa daga mataccen garmaho. Ya ce min yaro, abin nan ba a yi masa dole, jiƙa shi ake yi. Wallahi gaskiyarsa. Ka sayi sifirit a kemis, ka ɗiga a duk mahaɗar da ta ƙage, ka bar shi, ka dawo ka goge da auduga a tsinke, ka sake, wani wurin sai ka ɗan hura masa zafi da dirayar gashi kafin ya saki. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai. Sai tsohon giris ɗin ya fita tas sannan ka sa sabo ɗan mitsitsi, moton kuma ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki, ban yarda da man inji ba balle man gyaɗa.

Kuma mai kar ya taɓa roba ko kaɗan. Garrard da BSR yawanci da wata 'yar tayar roba suke juya farantin, in ta sha mai sai santsi, goge ta da sifirit har cikin bakin farantin. Masu bel kuwa galibi za ka tarar ya narke kamar kwalta, kankare shi, ka zagaya zare a inda yake hawa ka auna, ka nemi wanda ya ɗan gaza haka kaɗan. Robar ɗaure kuɗi ba bel ba ce.

Yanzu ka iya jonawa, ta sitabilaiza. Manna 'yar takarda a gefen farantin ka ƙirga, in maɓallin gudu na kan 33 ya kamata ya zagaya sau 100 cikin minti uku.

Allura ka saya sabuwa kawai, odarta ba ta kai kuɗin faifai ɗaya mai kyau da tsohuwar za ta cinye ba, kuma a daina ɗora kwabo a kan hannun don kar ya yi tsalle, yawanci nauyin giram biyu a kan allurar ya isa, masu kan allura irin na siramik sun fi haka kaɗan. Waya ta shiga ramin da aka rubuta PHONO a amfilifaya in kan allurar na maganaɗisu ne, na siramik kuwa ramin AUX, in kana jin gurnani ɗaura siririyar wayar nan ta ƙasa, wato ta earth, a jikin amfilifayar. Faifai a wanke da ruwa da ɗigon sabulun ruwa ban da takardar tsakiya, a shanya a inuwa, amma tsofaffin faya-fayan nan masu nauyi da ake sawa a gudun 78 kar sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi.