Yadda za ka san wuyan gitar ba tare da haddar ɗakuna 72 ba

Ka zaga fadodin samari a Damagaram bayan sallar isha'i, daga Birni har Zango, da wuya ka rasa inda wani yake rungume da gitar ana jiran shayi ya nuna. Ka tsaya ka kalli hannunsa na hagu. Sau da yawa za ka tarar bai wuce ɗakuna uku na farko ba. Ya iya akor huɗu ko biyar, wato muryoyin da ake haɗawa a kaɗa su tare, yana kaɗa su da kyau, amma daga ɗaki na biyar zuwa sama daji ne gare shi. Ni ma na daɗe a wannan wurin, kuma na san ciwonsa: waƙa tana cikin kanka sarai, yatsunka ba su san hanyar gidanta ba.

Maganin da aka fi ba mutum shi ne takarda mai zanen wuyan gitar, a ce ya haddace. Tsirkiya 6, kowace da ɗaki 12, wuri 72 ke nan. Ban ga wanda wannan hanyar ta kai ba. Abin da ya kai ni shi ne sanin tazara, wato nisan da ke tsakanin murya da murya, kuma shi nake so in nuna maka daki-daki.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Ɗaki shi ne filin da ke tsakanin ƙarafa biyu na wuyan, inda kake danna yatsa. Tsirkiya ta 6 ita ce mai kauri ta sama, ta 1 ita ce siririya ta ƙasa. Sunayen muryoyi kuwa zan bi waɗanda muka saba da su a nan: Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si. In kana kallon bidiyon masu amfani da haruffa, A shi ne La, C shi ne Do, sauran su biyo a jere.

Mataki na farko: ɗaure gitar daidai

Daga mai kauri zuwa siririya: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Ka sa manhajar ɗauri a salula ta ba ka La, sauran ka yi su da kunne. Danna ta 6 a ɗaki na 5, muryarta ta zo ɗaya da ta 5 a sake. Haka ta 5 da ta 4, haka ta 4 da ta 3. In ka zo ta 3, a ɗaki na 4 za ka danna don ka sami ta 2. Sannan ka koma ɗaki na 5 don ta 1. Riƙe wannan lissafin, biyar, biyar, biyar, huɗu, biyar, domin gaba za ka ga a kansa aka gina komai.

Mataki na biyu: zauna a kan tsirkiya ɗaya

Wannan ba daga makaɗin gitar na koye shi ba. Wani dattijo ne mai goge da nake zuwa gaisarwa ya ga ina ta fama da yatsu huɗu a kan tsirkiya shida, sai ya ce, "Ɗana, ni tsirkiyata ɗaya ce, ba ta da ƙarfe ko guda, kuma ban taɓa ɓata ba. Kai mai shida me ya ɓatar da kai?"

Na ce, "Baba, wuraren ne da yawa."

Ya ce in rera abin da nake so da baki tukuna, sannan in neme shi a tsirkiya guda. Daren nan ban taɓa sauran biyar ɗin ba.

Ɗauki ta 5, wato La. Kaɗa ta a sake, sannan ka danna ɗaki na 12, inda ake sa ɗigo biyu a yawancin gitar. Murya ɗaya ce, sai dai ta biyun ta fi siranta, kamar uba da ɗansa ƙarami suna rera baiti guda. Wannan shi ake kira oktab. Ka ari mitar tela ka auna tsirkiyar daga inda ta tashi zuwa inda ta ƙare: ƙarfe na 12 a tsakiyarta yake cif. A gitar mai tsirkiyar nailan tsawon yakan kai santimita 65, rabin kuwa 32 da rabi. Tsirkiyar La a sake tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, in ka raba ta biyu sai ta koma 220. Shi ya sa daga ɗaki na 12 komai yake sake farawa. Kowane ƙarfe yana rage kusan kashi ɗaya cikin 18 na tsawon da ya saura, abin da ya sa ɗakunan suke ƙara matsewa in kana hawa.

Yanzu taka muryoyin a kan La: Si a ɗaki na 2, Do a 3, Re a 5, Mi a 7, Fa a 8, Sol a 10, La a 12. Lura da wurare biyu da maƙwabta suke manne, ba ɗaki a tsakaninsu: Si da Do, Mi da Fa. Duk sauran, ɗaki biyu-biyu ne. Wanda ya riƙe wannan zai iya lissafa kowace tsirkiya da kansa. Gwada a ta 6: Mi a sake, Fa a 1, Sol a 3, La a 5, Si a 7, Do a 8, Re a 10. Ta 1 ma haka take, tunda ita ma Mi ce. Ka faɗi sunan da ƙarfi duk lokacin da ka danna. Sati guda a kan ta 5 da ta 6 ya isa, kar ka yi gaggawar wucewa.

Mataki na uku: koya wa kunne tazara

A nan ne aikin yake, kuma a nan Bahaushe yake da gado. Ka faɗi "wuya" na jiki, sannan ka faɗi "wuya" ta wahala. Haruffa ɗaya ne, amma a na farko murya ta sauko, a na biyu ta hau, kuma ko yaron goye da ya fara magana ba ya rikita su. Da wannan hawa da saukar mai kalangu yake kiran sunan mutum a taron biki har ya waiwayo. Kunnen da ke rarrabe wannan ya riga ya san tazara, suna da wuri kawai ya rage a ba shi.

Tazara huɗu za ka fara da su, biyun farko daga La a sake.

Ɗaki 7 ita ce mafi ƙarfi bayan oktab. La da Mi in suka haɗu sai ka ji sun zauna daram, babu gardama a tsakaninsu. Akwai dalili: ƙarfe na 7 ya faɗa kusan kan sulusin tsirkiyar. Ɗora yatsa a hankali a saman ƙarfen, kar ka danna, ka kaɗa ka ɗage, za ka ji wata siririyar ƙara kamar ƙararrawa. Haka a na 12 da na 5. Ɗaki 5 kuwa, La zuwa Re, ita ce tazarar da aka ɗaure yawancin tsirkiyoyin da ita.

Sai tagwayen da suka fi ba ni mamaki: ɗaki 3 da ɗaki 4. Kama akor ɗin Mi da ka riga ka iya. Manuninka yana kan tsirkiya ta 3, ɗaki na 1. Kaɗa. Yanzu ɗage manunin kaɗai, ka sake kaɗawa. Ka ji yadda hasken ya dushe, kamar hadari ya rufe rana? Ɗaki ɗaya tak ya canza. Da yatsan, tazarar daga Mi ɗaki 4 ce, akor ɗin majer ne. Ba yatsan, ɗaki 3 ce, miner ne. Ranar da na gane haka na zauna ina ɗorawa ina ɗagewa har shayina ya huce, domin a lokacin ne na san akor ba siffar hannu ba ce da ake haddacewa. Murya uku ce: tushe, wato muryar da akor ɗin ya ci sunanta, sai mai ɗaki 3 ko 4 daga shi, sai mai ɗaki 7. Duba La majer da La miner, za ka tarar da abu ɗaya a tsirkiya ta 2, tsakanin ɗaki na 2 da na 1.

Yadda za ka yi atisaye: kaɗa tushe, rera tazarar da bakinka kafin ka danna, sannan ka danna ka ji ko kun dace. In kuna biyu ya fi. Abokinka ya juya maka baya ya kaɗa murya biyu, kai ka ce ɗaki nawa ne. Kwanakin farko za ka yi ta rikita 5 da 7. Ci gaba, suna rabuwa.

Mataki na huɗu: tsallaka tsirkiya

Tuna lissafin ɗauri. Tunda sauka zuwa tsirkiya ta gaba daidai yake da hawa ɗaki 5, to duk wata tazara tana da gajeriyar hanya. Kana son ɗaki 7? Tsirkiya ta gaba, ka ƙara ɗaki 2. Kana son 4? Ta gaba, ka ja baya ɗaki 1. Kana son 3? Ka ja baya 2. Oktab kuwa, tsallake tsirkiya ɗaya ka ƙara ɗaki 2, domin biyar da biyar da biyu sha biyu ne.

Wuri ɗaya ne yake ka da mutane: tsakanin ta 3 da ta 2, inda tazarar take 4. Duk siffar da ta ratsa wannan iyakar, sai ka ƙara mata ɗaki ɗaya. Bi Sol ka gani. Yana ta 6 a ɗaki na 3. Tsallaka zuwa ta 4, ɗaki na 5. Daga nan zuwa ta 2, ba ɗaki na 7 ba, na 8. Do kuma yana ta 5 a ɗaki na 3, ta 3 a na 5, ta 1 a na 8. Kowace rana ka zaɓi murya ɗaya ka farauto ta a duk wuyan. Yau Sol, gobe Do.

Mataki na biyar: gam mai murya biyar

Gam shi ne jerin muryoyin da ake takawa daga tushe zuwa oktab ɗinsa. Littattafan koyarwa sukan fara da gam mai murya bakwai. Ni ina ganin a ƙasarmu mai biyar ya kamata a fara da ita, domin da ita aka yi mana reno. Yawancin waƙoƙin gargajiyarmu a kan muryoyi biyar suke yawo, haka ma kiɗan gitar na mutanen Agadas da ya zaga duniya.

Daga La: La, Do, Re, Mi, Sol. A tsirkiya ta 5, sake, 3, 5, 7, 10, 12. Taka ta sama da ƙasa har ka ji kamar ka san ta tun da. Sannan ka tattara ta wuri ɗaya, manuni a ɗaki na 5: ta 6, ɗaki 5 da 8, ta 5, ta 4 da ta 3, ɗaki 5 da 7, ta 2 da ta 1, ɗaki 5 da 8. Kar ka tsaya ga gudu daga sama zuwa ƙasa, wannan motsa yatsu ne kawai. A kowace murya ka tambayi kanka nisanta da La.

Ga abin da na fi so a duk atisayen. Bar tsirkiyar La a sake tana ta amo da babban yatsa, ka yi yawo a kan ta 4: Re a sake, Mi a 2, Sol a 5, La a 7, Do a 10, Re a 12. Da tushen yana ƙara a ƙarƙashi, kowace murya sai ta nuna halinta. Mi yana kwanciya. Sol yana jan ka zuwa La kamar yaro ya riƙe rigar uwarsa. Re yana tsaye a bakin ƙofa, bai shiga ba, bai fita ba. Daga nan ka ɗauko wata waƙar gaɗa ko ta daka da ka ji a gida tun kana ƙarami, ka neme ta. A haka na fara tsintar waƙar da kakata take yi in tana surfe, a ɗaki na 7 da na 5 da na 2, ba wanda ya nuna mini. Na kaɗa mata washegari, ta ajiye abin da take yi ta kama amshi.

In wannan ya zauna, canza tushen. Muryoyin nan biyar dai, amma ka riƙa farawa da Do kana ƙarewa da Do, abokinka yana kaɗa akor ɗin Do. Yatsu ba su canza wuri ba, kiɗan kuwa ya washe. La miner da Do majer gida ɗaya suke, ƙofar shiga ce ta bambanta. Kuma siffar tana tafiya: mayar da manuni ɗaki na 3, ka koma Sol, kai shi na 7, ka koma Si. In mawaƙi ya ce maka wurin ya yi masa sama, ja hannunka baya ɗaki biyu, shi ke nan.

Gam mai bakwai ba ta da wani dogon zance bayan wannan. Ƙara Si da Fa a kan biyar ɗin. Daga Do, takunta 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Gwada a tsirkiya ta 2: ɗaki 1, 3, 5, 6, 8, 10, 12, 13.

Yadda za ka raba lokacinka

Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Biyar na farautar muryar ranar, biyar na rera tazara, goma na yawo a kan tushe mai amo. Ka ɗauki kanka a salula sau ɗaya a sati, ka saurara washegari da safe, kunne ya fi gaskiya in hannu ba ya aiki.

Sai maganar hunturu. Iskar Damagaram a watannin Disamba da Janairu tana busar da katako, ɗauri ya riƙa sauka, wani lokaci bakin ƙarafan ya fito yana kartar tafin hannu. Kar ka jingine gitar a rana ko kusa da murhun shayi, ka sa ta cikin jakarta, ka goge ƙura daga tsirkiyoyin bayan kowane kiɗa. Kafin ka fara atisayen kunne, kaɗa kowace tsirkiya a sake, ka danna ta a ɗaki na 12. In muryoyin biyu ba su haɗu ba ko bayan ka ɗaure, tsirkiyar ta tsufa ko wuyan ya motsa. Canza tsirkiyar tukuna, in abin bai gyaru ba ka kai wa mai gyara, domin gitar da ba ta faɗin gaskiya a ɗaki na 12 tazarar ƙarya za ta koya wa kunnenka.